Tarihin Kamelina: Daga Cikin Gawar Tollund Zuwa Tankin Jirgin Sama

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta kai su saurara ba, da kuma masu son karatu. Na bar shi yadda na faɗe shi, sai 'yan gyare-gyare kaɗan.

Yau tarihin wata shuka zan ba ku. Na san wani zai ce, duk sarakuna da yaƙe-yaƙen da ke duniya, sai tarihin ciyawa? Ku dai ba ni aron kunnuwanku. Wani abokina da ke karatu a birnin Poznan na ƙasar Folan ne ya jawo maganar. Ya turo mini hoton wata kwalbar mai, launinsa kamar zuma, an rubuta "olej rydzowy" a jiki. Ya ce matar da yake haya a gidanta ce ke zuba shi a kan dafaffen dankali, ya tambaye ta man mene ne, ta yi masa bayani bai gane ba. Ya san ni da tone-tone, sai ya jefo mini. To, tonon da na yi ne na kawo muku. Sunan shukar kamelina.

Mu fara da gawa. A watan Mayun 1950, wasu 'yan uwa biyu a ƙasar Danmak suna saran ƙasar fadama kusa da garin Silkeborg. Irin fadamar nan ta ƙasashen sanyi, gansakuka da ganyaye ne ke taruwa suna danne juna shekaru dubbai har su zama kamar baƙin tubali, mutane su sara su shanya su hura wuta da shi. Suna cikin sara sai ga fuskar mutum. Ido a rufe, hular fata a ka, igiya a wuya, har ɗan tohon gemu ana gani a haɓarsa. Suka ɗauka kisan kai aka yi kwanan nan, suka kira 'yan sanda. Ashe bawan Allahn nan ya fi shekara 2,300 a kwance a wurin. Ruwan fadamar tsami gare shi kuma iska ba ta shiga, sai ya jeme shi kamar yadda majema ke jeme fata da bagaruwa. Shi ne ake kira Mutumin Tollund, yana nan a gidan tarihin Silkeborg har gobe.

Abin da ya shafe mu shi ne cikinsa. Wani masanin tsirrai mai suna Hans Helbaek ya bincika abin da ya rage a hanjinsa, ya gano cewa abincinsa na ƙarshe wani irin fate ne na hatsi da ƙwayoyin tsirrai. A 2021 aka sake binciken da kayan aiki na zamani, aka ga kusan kashi 85 cikin 100 sha'ir ne, sai ƙwayar lilin, sai ƙwayar wata ciyawa, har da alamar kifi. A cikin 'yan ragowar ƙwayoyin nan akwai kamelina. Kun ga kenan, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tana cikin tukunyar mutanen arewacin Turai.

Kafin mu yi nisa, bari in kwatanta muku ita, don mu san wa muke magana a kai. Dangin kabeji ce, kuma tana da 'yar uwa a kasuwanninmu, wato lansir. Tsayinta daga gwiwa zuwa ƙugu, da wuya ta wuce mita ɗaya sosai. Kara gare ta siriri da ke yin rassa daga sama. Ganyenta siriri ne mai tsini kamar kan kibiya, kuma na saman ba shi da mariƙi, gindinsa rungume kara yake yi. Wannan babbar alama ce ta gane ta. Furenta ƙanana ne, ruwan ɗorawa mai haske, kowanne da kunnuwa huɗu suna kallon juna. In furen ya kaɗe sai ta yi kwanso mai siffar ɗan ƙaramin gora, bai wuce girman ƙwayar wake ba, da ɗan tsinke a bakinsa. A ciki za ka samu ƙwayoyi goma ko fiye, ja-ja kamar tsatsa. Ƙanƙantarsu ta kai ka tara 1,000 su ba ka giram ɗaya da ɗan wani abu, alhali riɗi 1,000 yakan kai giram uku. In ka jiƙa su a ruwa sai su yi yauƙi, kamar dai yadda algarif ke yi. Amma a ɗan abin nan, kashi 30 zuwa 40 cikin 100 mai ne.

Sunan kansa labari ne. Daga kalmomin Girkanci biyu aka haɗa shi, ɗaya na nufin na ƙasa-ƙasa ko gajere, ɗaya na nufin lilin. Jamusawa na ce mata Leindotter, wato gwaiduwar lilin. Rashawa na ce mata ryzhik saboda jan ƙwayarta. Kun lura lilin nan yana ta dawowa ko? Akwai dalili.

Lilin shuka ce da mutanen da ke cire zare daga kararta su saƙa tufa, kamar yadda muke ɓare rama mu tufka igiya, kuma suna matsar mai daga ƙwayarta. Asalin kamelina daji take, a yankin gabashin Turai da yammacin Asiya, kuma masu haƙar kayan tarihi sun samu ƙwayoyinta a tsofaffin kufai a Girka da Romaniya da Suwizalan, wasu sun kai shekara 4,000. Yadda ta shiga hannun ɗan Adam kuwa, ta ɓarauniyar hanya ce. Ciyawa ce da ke fitowa a gonar lilin. Manomi in ya zo noma sai ya tuge duk wadda ya gane ba lilin ba ce. Wadda ta miƙe siririya ba rassa kamar lilin, sai ta tsira. Lokacin girbi, wadda kwansonta ya fashe da wuri ta zube a ƙasa, wadda ta riƙe 'ya'yanta ta bi dami zuwa masussuka. Wajen sheƙa ma haka: ƙwayar da nauyinta ya zo ɗaya da na lilin ita ke faɗuwa tare da shi ta shiga rumbu, a sake shuka ta baɗi. Shekara bayan shekara, manomi da hannunsa yana zaɓar wadda ta fi iya yaudararsa, bai sani ba.

Duk wanda ya taɓa noman gero ya san wannan wasan. Shibra kenan. Tana tashi tare da gero, ba ka raba su sai ta fitar da kai. Wani masani ɗan Rasha, Nikolai Zinger, ya yi rubutu a kan wannan hali na kamelina tun 1909. Daga baya Nikolai Vavilov ya faɗaɗa maganar, ya nuna cewa akwai amfanin gona da dama da suka fara a matsayin ciyawar gonar wani, sai aka ga ashe in shekara ta yi tsanani ko ƙasa ta gaji, uwar gonar ta mutu, ciyawar ta rayu. Daga nan mutane suka fara shuka ta da gangan. Har yau ana kiran wannan kwaikwayo da sunan Vavilov.

Bari in ɗan tsaya a kan mutumin nan, don ban iya wuce shi. Vavilov ya zaga nahiyoyi biyar yana tara iri, har Habasha ya je a 1927, ya tara taskar iri mafi girma a duniya a lokacin, a birnin Leningrad. Gwamnatin Stalin ta kama shi a 1940, ya mutu da yunwa a kurkukun Saratov a Janairun 1943. A daidai lokacin, sojojin Jamus sun yi wa Leningrad ƙawanya ta kwana 872. Ma'aikatansa suna zaune a tsakiyar shinkafa da alkama da wake na iri, suka ƙi ci, wasunsu yunwa ta kashe su. Ɗaya daga cikinsu, Alexander Shchukin, masanin gyaɗa ne, a kan teburinsa aka same shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, kamelina ta samu 'yancin kanta. A Zamanin Ƙarfe an riƙa shuka ta ita kaɗai a arewacin Turai. A wani tsohon ƙauye na bakin teku a Jamus da ake kira Feddersen Wierde, inda ruwan gishiri ke hana yawancin shuka tashi, an samu shaidar suna noma ta tare da sha'ir da wake da lilin. Daga nan ta yi ƙarnuka tana yi wa talaka hidima. A ci man, a zuba shi a fitilar aci-bal-bal, a yi sabulu da shi, tunkuzar a ba dabbobi, karan a ɗaure a yi tsintsiya. Ba abin yarwa.

Me ya sa talaka ya riƙe ta? Amsar tana cikin yadda ake noma ta, kuma yadda ake yi a yau bai yi nisa da na da ba. Shukar sanyi ce. A Turai da arewacin Amurka da zarar ƙanƙara ta fara narkewa ake shuka ta, don ƙananan tsironta na jure sanyin da zai ƙone wasu. Akwai ma nau'in da ake shukawa kafin hunturu, ya kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Tun da ƙwayar ƙarama ce, ba a binne ta da zurfi. Santimita ɗaya ya isa, in ka wuce haka ba za ta iya huda ƙasa ba. Mutanen da yafa ta suke yi, su bi su daddanne ƙasar don ƙwayar ta manne da laima. Kilo biyar ko kusa da haka ya ishi hekta guda. Makonnin farko ne lokacin hatsari: tana kwance a ƙasa ganye a baje, ciyawa na iya haye ta. Maganin shi ne a shuka da wuri kuma a cika gonar, ta riga ciyawa rufe ƙasa. In ta miƙe kuwa, sai dai ka zuba ido. Ba ta cin taki da yawa, tana haƙuri da ƙarancin ruwa, tana yi a jigawar da alkama za ta yi ƙyuya, kuma ƙwarin da ke addabar danginta ba su cika damunta ba. Abu biyu ne ba ta so: ruwa ya kwanta mata a gindi, da zafi mai tsanani lokacin da take fure. Ba a kuma maimaita ta a gona ɗaya shekara a jere, ko a bi bayan danginta da ita, saboda cutar ruɓar kara da ta fumfuna. Cikin kwana 85 zuwa 100 ta nuna. In kwanso ya koma launin busasshen kara sai a yanke, a sussuke, a shanya sosai, laimar ƙwayar kada ta wuce kashi 8 cikin 100, in ba haka ba ta dunƙule ta lalace a ajiya. Manoman zamani kuma sai sun bi injin girbi da mota sun toshe kowace 'yar kafa, don ƙwayar zurarewa take kamar ruwa.

Haka ta kasance babbar shukar mai a tsakiya da gabashin Turai har shekarun 1940. Sai kuma ta ɓace, cikin ƙarni ɗaya na mutane. Ba cuta ce ta kashe ta ba, kasuwa ce da gwamnati. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antu na son man da za su daskarar su yi majarin, wato botar gwangwani. Man kamelina yana da wuyar daskarewa da tsada, saboda irin kitsen da ke cikinsa. Wata 'yar uwarta kuma, wadda Turawa ke kira refsid, ta fi ta yawan amfani a hekta in an ba ta taki. Sai kuɗin bincike da tallafin gwamnatoci suka karkata can. A Kanada, masana biyu, Baldur Stefansson da Keith Downey, suka gyara refsid suka rage mata sinadaran da ke cutarwa, a shekarun 1970 aka samu abin da ake kira kanola. Fitila kuma ta riga ta koma kananzir da lantarki. Kamelina ta koma inda ta fito, ciyawar bakin hanya.

Abin dariya, kitsen nan da ya sa masana'antu suka ƙi ta, shi ne omega-3 da likitoci suka dawo suna yabo. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na man shi ne, ga kuma bitamin E da ke taimaka masa ya jima bai yi ɗoyi ba.

Su wa suka hana ta mutuwa gaba ɗaya? Taskokin iri, irin wadda mutanen Vavilov suka mutu suna gadi, da kuma ƙananan manoma masu taurin kai. A yankin Wielkopolska na Folan, inda Poznan take, an ci gaba da matsar man a ƙananan matsa, ana ci da dankali da kifi, musamman a kwanakin azuminsu da jajibirin Kirsimeti. A 2009 Tarayyar Turai ta yi wa olej rydzowy rajista a jerin abincin gargajiya da doka ke kare sunansu. Suna ma da karin magana da ke cewa gara rydz da babu. Wasu na cewa wata lemar kwaɗi mai wannan suna ake nufi, wasu na cewa shukar nan ce, don tana fitowa inda komai ya ƙi. Mu ma ai mun ce da babu gara ba daɗi. Kwalbar da abokina ya gani kenan.

Yanzu sai zagaye na uku. A tsakiyar shekarun 2000 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi, aka shiga neman man da za a samu daga shuka. Masu bincike a jihar Montana ta Amurka, jiha mai sanyi da ƙarancin ruwan sama, suka tono kamelina. Ranar 30 ga Janairun 2009, kamfanin jiragen Japan Airlines ya tashi jirgin Boeing 747 daga Tokyo, ɗaya daga injinansa huɗu yana shan gaurayen rabi kananzir ɗin jirgi rabi man shuka. A man shukar nan, kashi 84 cikin 100 kamelina ce, kusan duk sauran kuma man bini-da-zugu ne, shi dai wannan da muke shinge da shi. A Nuwamban shekarar, kamfanin KLM ya yi nasa gwajin da mutane a ciki. Ranar 22 ga Afrilun 2010, sojojin ruwan Amurka suka tashi jirgin yaƙi samfurin F/A-18 da rabin man kamelina. Abin da Mutumin Tollund ya sha a fate, ga shi yana tura jirgin yaƙi. A Ingila kuma, cibiyar binciken noma ta Rothamsted ta sanya wa kamelina ƙwayoyin halitta daga gansakukar teku don ta riƙa yin irin kitsen da ake samu a man kifi, aka fara gwada ta a fili a 2014, abin da ya jawo muhawara tsakanin masu goyon bayan irin wannan gyara da masu adawa da shi.

Amma ku ji abin da ya samu manomi, don nan ne jaridu suka yi shiru. A 2009 an shuka fiye da eka 20,000 a Montana. Zuwa 2012 bai kai eka 3,000 ba. Jirgi ya tashi, an ɗauki hoto, amma masu saye kaɗan ne, matsa ta yi nisa, alkama kuma ta fi kawo kuɗi kuma tana da inshora. Manomi ba ya cin hoto, sai ya koma alkamarsa. A 'yan shekarun nan maganar ta sake tasowa saboda dokokin rage hayaƙin jiragen sama. A Jami'ar Minnesota suna aiki a kan nau'in hunturu, a shuka shi ya rufe ƙasa lokacin da gona ke zaune ba komai, a girbe sannan waken suya ya ci gaba a wurin. Wannan dabarar ta fi kama hankalina, don ba ta ƙwace gonar abinci ba.

Na san tambayar da ke bakinku: za ta yi a nan? Ku tuna abu biyun da na ce ba ta so, ruwa a gindi da zafi lokacin fure. Daminarmu ta haɗa duka biyun. In ma za a gwada, aikin cibiyoyin bincike ne, a ɗan fili, lokacin sanyin hunturu da ban ruwa, kamar yadda ake yi wa alkama. Don haka duk wanda ya zo muku da talla yana cewa ku sayi iri ku cika gona, man jirgin sama ne, Turawa na jira, ku tambaye shi abu uku: wa zai saya, a nawa, kuma ina takardar yarjejeniya? Mun ga irin wannan da bini-da-zugu wajen 2007 zuwa 2010, lokacin da aka cika ƙasashen Afirka da alkawari, kamfanoni da yawa suka watse suka bar manoma da itace a gona.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wancan rata, daga shekarun 1950 zuwa 2000. Shekara hamsin ba mai kallon shukar nan. Da tsofaffin Wielkopolska sun daina matsa, da masu gadin taska sun cinye abin da ke hannunsu, da ranar da aka dawo nemanta ba a samu abin shukawa ba. Da na gama haɗa shirin nan na kira kakata, na tambaye ta ko akwai abin da suke shukawa tana yarinya wanda yanzu ba ta gani. Ta lissafa mini irin dawa biyu da wani farin wake. Na ce wa ke da irin yanzu? Ta yi shiru, ta ce sai dai a tambayi wata ƙawarta a ƙauyen gaba, in tana raye. Na yi niyyar zuwa ƙarshen watan nan in Allah Ya yarda. Ku ma in kuna da tsoho a gida, ku yi masa wannan tambayar tun yana iya amsawa, ku rubuta sunan, in an samu irin ku ɗebi ko cikin tafi ne ku adana.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.